Safa Biyu da Mai Gado Tara

A ɗakin mata na hawa na biyu babu mai kiranta da sunan da iyayenta suka raɗa mata. Safa Biyu ake ce mata, tun daga likitoci har masu tura gado, kuma ta daɗe da daina ɓata rai, don sunan bai yi mata ƙarya ba. Idan za ta taɓa marar lafiyar da aka ce tana ɗauke da cutar ƙanjamau, sai ta zura safar hannu, ta ɗora wata a kai, ta ja bakin ta saman ta sake shi ya ce fat, sannan ta doshi gadon. Ko zafin jiki za ta auna, aikin da ba jini ba ruwa, sai ta yi haka.

Kada a ɗauka muguwa ce. A duk nas-nas ɗin asibitin ba wadda ta kai ta sanyin hannu. Jijiyar da ta gagari kowa ita ake kira ta nemo, kuma tsofaffi kan ce a bar musu allurarsu sai ta zo. Tsoro ne kawai ya yi mata gida a zuciya. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce allurar da ta yi wa wani mai cutar ta soke ta a babban yatsa, lokacin tana goyon autarta. Ta yaye yarinyar ba shiri, ta sha magani kwana ashirin da takwas yana juya mata ciki, ta yi wata shida tana zaryar gwaji, ba ta cin kirki ba ta barcin kirki. Sakamako ya fito lafiya lau, kowa ya yi mata barka, amma hannunta bai yarda ba. Ta san karatun sarai: safa ɗaya ta isa, cutar ba ta bin gumi ko gaisawa ko kofin shan ruwa. Ita ce ma take tsayawa gaban ɗalibai tana koya musu haka da babbar murya. Kanta ya sani, hannun ne ya ƙi ji.

Kuma ba ita kaɗai ba ce mai nata salon. Ɗakin yana da dokokin da ba a rubuta a ko'ina ba. Fayil ɗin mai cutar ana ɗiga masa jan biro a kusurwar sama, ɗan ɗigo kamar ƙwayar gero, wai don a ankarar da juna. Gadonta kuwa shi ne na tara, na can ƙarshe, kusa da ƙofar bayan gida. Zanen gadonta bokitinsa daban. Babbar Sista, shugabar ɗakin, ta sha faɗa a taron safe cewa wannan abu ya saɓa wa aiki, kowa ya gyaɗa kai kamar ƙadangare, a tashi, jan biro na nan a aljihun tebur ba wanda ya jefar. Wata nas da ake kira Rediyo, saboda bakinta ba shi da makunni, ta fi kowa dabara: duk ranar da gado tara ya faɗo a rabonta sai bayanta ya riƙe, ko ta tuna an aike ta ɗakin magani. Safa Biyu ce kan ɗauki aikin, kuma a ranta tana ganin ta fi su, tunda ita dai ba ta gudu.

Ranar Litinin aka kawo wata malamar firamare, 'yar shekara talatin da 'yan kai, tana numfashi da ƙyar, ciwon huhu ya kama ta. Kafin a gama ɗaura mata ƙarin ruwa fayil ɗinta ya samu ɗigonsa, ita kuma ta samu gado tara. Kwana biyu ba ta san inda kanta yake ba. Ranar Laraba zazzaɓin ya sauka, ta buɗe ido ta fara bin ɗakin da kallo irin na malamai, wanda ba ya barin komai ya wuce. Safa Biyu ta zo rabon maganin safe, ta miƙa mata ƙwayoyi, ta juya za ta tafi, sai ta ji an riƙe gefen rigarta.

"Sista, don Allah minti ɗaya. Jan ɗigon nan na fayil ɗina, ku cire shi."

Safa Biyu ta yi ɗan murmushin da ake yi wa marasa lafiya, ta ce ai ba komai ba ne, alamar aiki ce tsakaninsu, ba mai gane ta.

"Surukata za ta gane. Jibi za ta zo."

Daga nan Malama ta kwashe labarin ta faɗa mata, tana yi tana hutawa saboda tari. Mijinta ya rasu shekara uku da suka wuce, an ce ciwon hanta ne. Ita da 'ya'yanta uku suna zaune a gidan uwarsa, tsohuwa ce ke riƙe da yaran idan ta tafi makaranta, ita ke yi musu wanka, ita ke raba su faɗa. Shekara guda bayan rasuwar wasu ƙuraje suka ƙi jin magani, aka yi mata gwaji, aka faɗa mata abin da take ɗauke da shi. Ta kai yaran a ɓoye, su Allah ya tsare su. Ta fara shan magani, tana ɓoye kwalbar a jakar makaranta ƙarƙashin littattafan yara, kuma ta samu lafiya kamar ba ita ba. Sai 'yar wata ƙawar surukarta ta samu aiki a tagar da ake karɓar maganin. Malama ta je sau biyu ta hango ta, ta juyo daga bakin ƙofa. Daga sau biyu ya zama wata bakwai, wata bakwai ɗin nan ne suka kawo ta gado tara.

Ita kuwa tsohuwar, in ji Malama, shekara ashirin da shida ta yi tana shara da goge-goge a wani asibiti kafin ta ajiye aiki. Ba ta iya karanta ko harafi ɗaya ba, amma karatun ɗakin marasa lafiya ba wanda zai koya mata. A gida ta sha ba su labarin jan ɗigo da gadon ƙarshe da bokiti daban, har tana cewa tun daga bakin ƙofa take gane wanda ke da abin. Ranar da aka kwantar da Malama tana can gidan 'yarta a wani gari, yanzu an aika mata, tana hanya.

"Ɗanta guda ne namiji, Sista. In ta sani, cewa za ta yi ni na kawo masa, ni na kashe shi. Gidan nata ne. Yaran ma za a ce nasu ne. Ina zan je?"

Safa Biyu ta tsaya da tiren magani a hannu, tausayin matar ya kama ta, kunya kuma ta biyo baya. Shekara da shekaru tana ɗiga jan biro, ko sau ɗaya ba ta taɓa kawowa a ranta cewa akwai wanda ke karanta shi ban da su ba. Ta ce wa Malama ta kwantar da hankalinta, ta bar komai a hannunta, tsohuwa za ta zo ta tafi ba ta ga komai ba. Ta faɗa da ƙarfin gwiwa, irin na mutumin da bai saba saɓa alkawari ba.

Ta kuwa zage damtse. Ta samo sabon bangon fayil ta sake rubuta shi da hannunta, ta yayyaga tsohon. Ta samu Babbar Sista a ofis ta yi mata bayani, Babbar Sista ta cire tabarau ta ce shekara nawa tana faɗar wannan magana ana mayar da ita rediyon mota, ta sa hannu aka mayar da Malama gado huɗu, tsakiyar ɗaki, tsakanin wata mai ciwon suga da wata da aka yi wa aikin ƙafa. Bokitin nan na daban aka kai shi sito. Kwalbar maganin da likita ya ce a ci gaba da ba Malama aka kulle ta a kabad ɗin nas-nas, sai lokacin sha ya yi a kawo ƙwaya ɗaya cikin sauran. Rediyo ce aikin da ya fi wuya. Safa Biyu ta ja ta bayan ƙofa ta ce mata in har kalma ɗaya ta fita daga bakinta, to ita ma za ta ba Babbar Sista tarihin ciwon bayan nan da ba ya tashi sai ranar gado tara. Rediyo ta rantse ta maya, ta ce ita me ya yi mata zafi, ta tafi tana gunaguni.

Ranar Juma'a da rana Safa Biyu ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙare wa ɗakin kallo da idon baƙo. Ba ɗigo, ba bokiti, gado tara an shimfiɗa masa farin zane ba kowa a kai. Ta ji daɗin kanta ƙwarai. Ta share ɗaki tas, ta bi kowane lungu, abu ɗaya ne ba ta duba ba, shi ne wanda ke maƙale a ƙarshen hannun rigarta.

Ƙarfe huɗu aka buɗe wa masu dubiya. Tsohuwar ta shigo cikin na farko, 'yar ƙarama, busasshiya, da kular abinci a hannu ɗaya, filas ɗin ruwan zafi a ɗayan. Kafin ta nemi gadon surukarta sai da ta duƙa ta dubi ƙasan gadon farko, ta ce wa mai shara da ke wucewa, wannan gogewa ce ko shafa mai? A zamaninsu da an kore ta tun kafin azahar. Matan ɗakin suka yi dariya, har mai sharar. Ta isa gado huɗu ta ajiye kaya, ta dafa goshin Malama, ta yi ta jera sannu, ta ce yara suna gaishe ta, ƙaramin ya ƙi cin abinci sai an ce masa uwarsa ce ta aiko. Idonta ya sauka kan fayil ɗin da ke rataye a ƙafar gado, ya ɗan tsaya a kusurwar sama, ya wuce. Safa Biyu tana gado biyar tana wanke wa mai aikin ƙafa ciwonta, da safa ɗaya kamar kullum, tana satar kallo. Da ta ga idon tsohuwa ya wuce sai ta saki ajiyar zuciya, ta gama ɗaure bandeji, ta koma tebur.

Ba a yi minti goma ba. Malama ta yunƙura za ta zauna ta karɓi kofin shayi, tari ya sarƙe ta, robar ƙarin ruwan ta maƙale a ƙarfen gado, allurar ta fizge daga bayan hannunta. Jini ya biyo yatsunta yana ɗiga kan zane. Mai ciwon suga ta ƙwala kiran Sista. Safa Biyu ta suri tire ta iso da gudu, hankalinta duk yana kan jijiyar, don da ƙyar aka same ta ranar Litinin. Ta zari safa ta zura. Ta zari wata ta ɗora. Ta ja bakin ta sake shi, ya ce fat.

Sai da ta danna auduga a kan ciwon ta ɗago kai, sannan ta ga fuskar Malama. Matar ba hannunta mai jini take kallo ba, hannun Sista take kallo, bakinta a buɗe, kamar wadda aka watsa wa ruwan sanyi. Safa Biyu ta bi kallon ta dubi hannuwanta, ta ga safa a kan safa. Ta juya a hankali. Tsohuwar na tsaye da kofin shayi, ta zuba wa safar nan ido. Daga nan ta waiwaya ta dubi gado biyar, inda minti goma da suka wuce wannan nas ɗin ta wanke ciwo mai jini da ruwa da safa ɗaya tak, ta dawo da idonta.

Aiki dai aiki ne, ba a barinsa a tsakiya. Safa Biyu ta tsayar da jinin, ta nemo wata jijiya a ɗaya hannun, ta manna filasta, ta canja zane, duk kunnuwanta na zafi. Tsohuwa ta ajiye kofin a hankali, ta ce bari ta je ta nemo ruwan zafi, ta ɗauki filas ɗin da kowa ya ga yanzu ta tsiyaya daga cikinsa, a cike yake, ta fita.

Malama ta mayar da kanta kan matashi, hawaye na gangarowa cikin kunnenta. Muryarta can ƙasa, don kada na kusa su ji.

"Sista, kin ce in bar komai a hannunki."

Da Malama ta zage ta da ya fi mata sauƙi. Safa Biyu ta juya. Ta kwashi tire ta kai tebur, ta tuɓe safar ta jefa a kwando, ta wanke hannu ta daɗe tana wankewa. Tun da take aikin nan ta yi kurakurai, ta taɓa ba da magani a makare, ta taɓa manta rubuta awo, amma ba ta taɓa rushe wa mutum gida ba sai yau. Ta ce wa Rediyo ta riƙe mata ɗakin, kuma abin mamaki Rediyo ta karɓa ba tambaya.

Ba ta yi nisa ba ta same ta. Tsohuwar na zaune a kan benci a kwanar matakala, filas a cinya, ta ƙura wa bango ido. Safa Biyu ta zauna a ɗaya gefen, ta fara kame-kame: wai ita haka take, duk inda ta ga jini da yawa safa biyu take sawa, ɗabi'a ce kawai, har suna aka sa mata a kai, a tambayi kowa.

"'Yar nan, kada ki ɗora wa kanki ƙarya a kan gajiya," in ji tsohuwar, ba tare da ta dube ta ba. "Na san hannun nan. Ƙarar nan da kike sa safa ta yi, ko a mafarki na ji ta zan gane. Shekara uku da suka wuce ba a ɗakin maza kike ba, na ƙasa?"

Haka ne, a can take a lokacin, kafin a yi musu canji.

"Gadon ƙarshe, kusa da bayan gida. Dogo, mai tabo a gira. Kwana goma sha ɗaya muka yi. Ke kika rufe masa ido."

Safa Biyu ta lalubi ƙwaƙwalwarta, ta juya ta juya, ba ta samo dogo mai tabo a gira ba. Gadon ta tuna, da ƙofar da ke ƙara idan an buɗe, amma mutanen da suka kwanta a kai duk sun haɗe mata sun zama abu guda. Wannan ya fi komai yi mata ciwo, kuma ba ta yi ƙaryar cewa ta tuna ba.

Tsohuwar ta ci gaba, a hankali, kamar mai ba bango labari. Tun ranar da aka kwantar da ɗanta ta ga ɗigon, ta ga gadon, ta gane. Ita ta hana matarsa zaman jinya, ta ce ta zauna da yara da makarantarta. Shi kuma ya kama hannunta ya roƙe ta kada ta faɗa wa kowa, kada 'ya'yansa su tashi ana nuna su da baki. Da ya rasu ita ce ta ƙirƙiro ciwon hanta, ta faɗa wa dangi, ta faɗa wa maƙwabta, ta faɗa har ta kusa yarda da kanta. Ta san ya kamata ta ce wa yarinyar nan je ki a duba ki. Sau nawa ta kai bakin ƙofar ɗakinta da maganar a baki, sai ta tambaye ta ko akwai sauran sabulu. Kullum tana kallonta, in ta yi ƙiba ta ce Allah ya tsare ta, in ta yi tari ta kwana ba barci. Labarin jan ɗigo da take yawan bayarwa a gida ma, ita a ganinta hanya take buɗewa, ko yarinyar za ta yi tambaya. Ashe ƙofar take ƙara rufewa.

"Ni na san abin da ɗana ya bar mata, na rufe bakina don kada a zagi gawa. Ga shi na kusa yin gawa ta biyu." Sai yanzu ta juyo. "Yaran fa? Ke kin ga takardu. Yaran fa?"

Amsar na kan harshen Safa Biyu, amsa mai daɗi, wadda za ta sauke wa tsohuwar nan rabin kayanta a take. Ta haɗiye ta. Ta ce, "Iya, yau na riga na faɗi abin da ba nawa ba ne in faɗa. Ba zan ƙara ba. Mai maganar tana sama, kuma a yanzu haka tana can tana jiran ki dawo ki kore ta daga gidanki."

Tsohuwar ta zaro ido. Wannan bai taɓa zuwa mata a rai ba. Ta ce kore ta, a kan me, da wane bakin? Sannan ta ce ita ba ta san da idon da za ta dubi yarinyar ba. Safa Biyu ta karɓi filas ɗin, ta kama ta a damtse ta ɗaga ta, suka hau matakalar tare, ɗaya bayan ɗaya, tsohuwa na tsayawa tana numfashi.

A ɗakin masu dubiya sun cika, ana ta hira da buɗe kuloli. Safa Biyu ta ja labule ta zagaye gado huɗu, ta juya za ta ba su wuri, Malama ta ce ta tsaya, tunda ita ta fara a gama a gabanta. Ta share fuska, ta tattaro ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta fara maganar da ta yi shekara biyu tana shiryawa: cewa ita ba ta taɓa sanin wani namiji ba bayan mijinta, a sa ta kowace irin rantsuwa za ta yi, in ma za a kore ta a bar mata ko ƙaramin.

Tsohuwar ba ta zauna a kujera ba. Ta durƙusa a ƙasan da ɗazu ta raina gogewarsa, ta kama ƙarfen gado.

"Na sani, 'yata. Ba ke ba ce. Shi ne. Tun yana kwance na sani."

Safa Biyu ta zaci za ta ga sauƙi a fuskar Malama, irin na wanda aka sauke wa dutse daga ka. Ba shi ta gani ba. Malama ta tsaya tana kallon tsohuwar kamar yau ta fara ganinta. Da ta yi magana ba ta ɗaga murya ba, saboda labule ba bango ba ne, amma kowace kalma da zafinta ta fito. Ta ce shekara guda tana yawo da ciwo a jiki ba ta sani ba, alhali wadda ta sani suna cin abinci a kwano ɗaya. Ta ce fiye da shekara tana haɗiyar ƙwaya a bayan gida kamar ɓarauniya. Ta ce wata bakwai ta bar maganin da ke riƙe da ranta, ba don komai ba sai don tsoron kada labari ya iso kunnen Mama, ashe Mama ce ta riga kowa ji. Ta ce da ta mutu ranar Litinin, wa za a ce ya kashe ta, hanta?

Tsohuwar ba ta kare kanta ba ko da kalma ɗaya. Kuka take yi marar sauti, irin na tsofaffi, kafaɗunta na rawa. Can ta ce a yafe mata, sannan da ƙyar, kamar mai tsoron amsar, ta tambayi yaran.

"Lafiyarsu ƙalau. Duka ukun. Na kai su an duba."

Tsohuwar ta kifa goshinta a kan katifa. Safa Biyu ta kawar da kai tana gyara robar ƙarin ruwan da ba abin da ya same ta, don ita ma idonta ya cika. Ta so ta ce wani abu, ta ba da haƙuri, ta ce laifinta ne, amma ta ga wurin ba nata ba ne, haƙurinta zai jira layinsa.

Malama ta daɗe tana kallon rufin ɗaki. Daga baya ta juyo ta ce, "Sista, kwalbar nan da kuka kulle a kabad, kawo mini."

Safa Biyu ta je ta buɗe kabad ta ɗauko, Rediyo na binta da ido. Ta dawo ta miƙa. Malama ta jujjuya kwalbar a hannunta mai filasta, ta taɓa kafaɗar tsohuwar da ita har ta ɗago.

"Ƙwaya ɗaya kullum, ƙarfe takwas. Ba a tsallake ko rana ɗaya. Idan ta kusa ƙarewa, ke za ki raka ni tagar nan, ki tsaya kusa da ni, 'yar ƙawarki ta gan mu tare."

Tsohuwar ta karɓa da hannu biyu, tana gyaɗa kai da sauri, ta fara godiya, ta fara cewa Allah ya yi mata albarka da ta yafe.

"Ban ce na yafe ba, Mama," in ji Malama, ta lumshe ido don ta gaji. "Cewa na yi ki riƙe."